Singer mai doguwar ƙoshiya ko mai zagayayya: wacce za a gyara don ɗinkin bargo?

'Yar'uwa, kin ce an bar miki tsofaffin kekunan Singer biyu a gida, ɗaya ta hannu mai doguwar ƙoshiya kamar harsashi, ɗaya kuma kai ne kawai ba teburi, mai zagayayyen kwarkwaro, kuɗin gyaran ɗaya kike da shi, kuma barguna na haɗe-haɗen ƙyallaye kike son ɗinkawa kafin sanyi ya shigo. Gyara ta biyun.

Yadda kika siffanta su, ta farkon samfurin 28K ce ko 128K, ta biyun kuma 15K, tunda kin ce abin ɗaure zarenta yana gefen hagu, a fuskar keken. Duk mai K ƙirar masana'antar Clydebank ce a Sikotlan, wadda aka rufe a 1980. Wajen ƙarfe babu wadda za a raina. Allurarsu ma ɗaya ce, irin ta kekunan gida da ake samu ko'ina.

Inda suka rabu shi ne kayan gyara. Keken Butterfly ɗin da ta cika shagunan teloli kwaikwayon Singer 15 ce, don haka kwarkwaro, bel, roba, har ƙafar da ke danne yadi, galibi za ki samu a wajen masu kayan ɗinki a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi. Tebur mai ƙafa ma yawanci yana karɓar kanta. Amma ki tafi da tsohuwar ƙoshiyar, wato gidan kwarkwaron, a hannu, domin ɗan yatsan nan da ke jikinta wani yana kallon ƙarfe ɗaya a fuskar agogo, wani ƙarfe sha ɗaya, kuma ba sa shiga wa juna. Ita kuwa doguwar ƙoshiya, ranar da bakinta ya cinye ta fara tsallake ɗinki, galibi sai dai mai gyara ya kwance wata matacciyar keke ya ciro miki. Siririn kwarkwaronta ma haka. In ya ɓata, sai addu'a.

Sai aikin kansa. Bargo hawa uku ne, sama da ƙasa da soso ko auduga a tsakiya, kuma dole ki naɗe rabinsa ki cusa ta ƙarƙashin hannun keken. Ita 28K ƙarama ce, kusan kashi uku cikin huɗu na cikakkiyar keke, wurin ya yi kaɗan. Ga shi ta hannu ce: dama na juyi, hagu kaɗai ke kokawa da bargon gado. Da 15K a kan tebur mai ƙafa hannayenki biyu suna kan yadi, kina baje shi kada ƙasan ya tattare. Kwarkwaronta kuma ya fi cin zare, ba za ki riƙa tsayawa a tsakiyar layi ba. Ɗinkin baya ne kawai ba tabbas: ƙaramar ba ta da shi sam, 15K kuma wasu na da shi wasu babu. Ba abin damuwa ba ne, rage tsawon ɗinkin a ƙarshen layi yana kulle shi.

Gyaran ba wuya in ba abin da ya karye. Yawancin keken da ake cewa ta mutu, tsohon mai ne ya haɗu da ƙura ya daskare. A cire farantin allura a kwashe tarkacen zaren da ya cushe tsakanin haƙoran da ke jan yadi, a ɗiga kananzir a duk gaɓar da ke motsi, sama da ƙasa, a bar ta ta kwana, a juya a hankali, a goge, sannan a sa man keke. Man keke fa, ba na gyaɗa ba, ba baƙin mai ba. Kuma don Allah kada yara su wanke jikinta da omo ko sifirit. Zanen ruwan gwal ɗin nan take zai koɗe. Tsumma mai laushi da ɗigon man keke ya isa.

In ta tashi, sa allura lamba 16, ki ƙara tsawon ɗinkin, ki ɗan sassauta sukurun sama mai danne ƙafa, ki gwada a kan guntun hawa uku kafin ki taɓa bargon gaske.

Ƙaramar kuma kada ki sayar wa 'yan gwangwan. Goge ta ki ajiye. Haɗa ƙananan ƙyallayen tun farko, hawa biyu kawai, aikinta ne, kuma ɗinkinta miƙaƙƙe ne.