Gidan Sauro Mai Magani Biyu: Abin da Na Gani Bayan Damina Guda

A farkon daminar da ta wuce, lokacin da kwatocin unguwarmu ta Ƙofar Marusa a Katsina suka fara tara ruwa, na sayi gidajen sauro guda uku a wani kantin magani da ke hanyar Ƙofar Ƙaura, irin sababbin nan masu ɗauke da magani kala biyu. Kuɗinsu ya ɗara na waɗanda muka saba saye a kasuwa ƙwarai, har na ɗan yi jim kafin in zaro kuɗi, amma mai kantin ya juya ledar ya ɗora yatsa a kan inda aka rubuta chlorfenapyr (kilofenafir), sunan sabon maganin da ke jikin ragar, ya ce, "Malam, wannan kalmar ita ce kuɗinka, duk ledar da ba ka gan ta a jiki ba tsohon yayi ce." Yanzu da ruwa ya ɗauke, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi ko maganarsa ta tabbata.

Shekaru da dama gidajen sauro masu magani sun dogara ne ga dangin guba guda ɗaya, wato firetiroyid, wadda take bugun jijiyoyin sauro ya faɗi nan take. Da tafiya ta yi nisa, sai sauron anofilis, wanda macensa ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya saba da ita a yawancin ƙasashen Afirka, Najeriya na ciki, domin jikinsa ya ƙara samar da wasu sinadarai masu narkar da gubar tun kafin ta yi aiki. Abin da ya fi burge ni a sabon maganin, kilofenafir, shi ne cewa ba ya zama cikakkiyar guba sai ya shiga jikin sauron, kuma dangin sinadaran nan da sauron yake kare kansa da su, su ne suke mayar da shi guba, wadda take hana ƙwayoyin jikinsa samar da kuzari har ya mutu. Garkuwar sauron ce ta zame masa ajali. An gwada irin wannan gidan sauro, mai haɗa firetiroyid da kilofenafir, a gundumar Misungwi ta Tanzaniya, inda sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna raguwar kamuwar yara da kashi 44 cikin ɗari idan aka kwatanta da tsohon samfuri, sannan gwajin Jamhuriyar Benin ya nuna kashi 46, kuma a watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a wuraren da sauro ya daina jin tsohuwar guba.

Sai dai a nan ne mai saye yake iya ruɗewa, kuma mu ma mun ruɗe. Maganin ba ya kisa da gaggawa; sauron da ya taɓa ragar yana iya tashi ya tafi abinsa, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ya mutu. A makon farko mahaifiyata ta leƙa ɗakin yara da asuba, ta ga sauro biyu maƙale a jikin bango, ta ce, "Kai, ɗan nan, an dai karɓe maka kuɗi, ai na da can da safe share su ake yi." Na ce, "Hajiya, a ba shi lokaci." Ba ta gamsu ba a ranar, kuma ban ga laifinta ba, domin ido ya saba auna maganin sauro da gawar da ke kan tabarma. Ma'aunin da ya fi wannan shi ne goshin yaro da tsakar dare. A daminar da ta gabaci wannan, sau huɗu muka kai yaranmu biyu asibiti aka ce maleriya ce, a wannan kuwa sau ɗaya ne, a ƙarshen Agusta. Adalci ne in ambata cewa ƙaramar tana shan maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata na damina, don haka ba zan jingina wa ragar duka nasarar ba, amma babban ya wuce shekarun shan maganin, kuma shi ne bai kwanta ba ko sau ɗaya, alhali shi sauro ya fi bi a gidan. Masu bincike a Jami'ar Rockefeller ta Amurka sun nuna a 2022 cewa mutanen da sauro ya fi so suna da yawan wani nau'in sinadari mai tsami a fatarsu, ko da yake da sauron da ke yaɗa shawara suka yi gwajin.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na yi gaggawar rataya namu ba tare da na shanya shi a inuwa na yini da kwana ba, kamar yadda ake umarta, sai muka tashi fuska tana raɗaɗi da ƙaiƙayi har zuwa hantsi, kuma mai kantin bai ja kunnena a kan wannan ba, abin da nake ganin haƙƙin mai saye ne. Tsawonsa ma bai wadatar ba ga katifa mai kauri, da ƙyar yake sokuwa a ƙarƙashi, kuma a daren da babu wuta ana jin ya tare iska. Ɗinkin gefunan dai yana da ƙwari, inda ya yage kuwa ƙusar gado ce ta ja shi, maiɗakina ta kama wurin da zare da allura.

Ina ba duk mai ƙananan yara ko mace mai juna biyu shawarar ya neme shi, ya karanta jikin ledar da idonsa, in kuma an zo rabon gwamnati na kyauta ya karɓa ya rataya, kada ya mayar da shi shingen lambu. An yi ragar ne ta jure wanki kusan ashirin cikin shekara uku, da sabulu mai sauƙi, ba omo ba, a kuma shanya a inuwa. Namu sau biyu aka wanke su zuwa yanzu, kuma na riga na koma kantin na sayo na huɗu, wanda Hajiya da kanta ta ce a rataya mata kafin ruwan fari ya sauka.