Gargaɗi: Gwanjon Motocin Soja Da Ake Tallatawa A Zariya Na Bogi Ne

Jama'a, duk wanda aka turo wa hoton gingimarin soja a WhatsApp, ko ya ci karo da shi a Facebook, aka ce masa ana gwanjonsu a wani bariki a nan Zariya amma sai ya fara biyan kuɗin fom, to ya riƙe kuɗinsa. Damfara ce. Tun wajen ƙarshen damina maganar ke yawo a tsakanin kanikawan Sabon Gari da direbobin da ke tsayawa Kwangila. Na san waɗanda suka riga suka tura kuɗi, kuma har yau ko goron taya ba su gani ba.

Mu masu son irin waɗannan motoci ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Wani doki yake kiwo, wani tattabaru, mu kuwa tsohon ƙarfe Allah Ya ɗora wa. Tawa tsohuwar Magirus ce da na saya a gareji, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, na yi ta lallaɓa ta har ta tashi. Yanzu da damina takan kai taki gona ta wajen Giwa, a hanyar da motar Kanta (Canter) ba ta isa ta shiga ba, da kaka kuma ta kwaso masara. Wanda ya taɓa jin yadda mota mai jan gaba da baya ke fita daga taɓo, ya san abin da ke sa dattijo mai hankali ya rasa barci a kan hoton mota. Wannan son ne mutanen nan suka gano, shi suke farauta.

Ba banza suka zaɓi Zariya ba. Garin soja ne. Daffo, inda ake horar da kurata, na nan tun 1924, makarantar sojoji ta yara tun 1954, ga barikin Basawa, ga na Jaji a kan hanyar Kaduna. Babu ɗan garin nan da bai taɓa ganin korayen motoci ɗauke da kurata ba, kuma kowa yana da wani da ya san wani soja. Saboda haka idan aka ce maka an fitar da tsofaffin motoci za a sayar, ba ka jin maganar a matsayin baƙuwa. Sojojin ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Sunansu kawai ake cin abinci da shi.

Ga yadda suke yi. Za ka kira lambar da ke jikin tallar, wani ya ɗauka da ladabi ya ce shi ɗan aike ne kawai, zai haɗa ka da Oga. Jim kaɗan sai wani mai kakkausar murya ya kira ka, ya ce shi Manjo ne, yana cikin taro, ba shi da lokaci. Hoton da ke kan lambarsa na mutum ne cikin kaki, wanda suka sato daga shafin wani bawan Allah. Zai ce motocin sun kusa ƙarewa, manya sun kwashe, amma akwai guda biyu da suka rage. Sai a turo maka takarda mai tambarin Najeriya da hatimi da sa hannu da jan biro, sunanka a rubuce, har da lambar da aka ce an ware maka. Daga nan kuɗin fom. Bayan kuɗin fom sai kafin alƙalami don a cire motar daga jerin gwanjo. Bayan shi kuɗin sauya takardu, kuɗin izinin fita ƙofa, kuɗin janwe tunda motar ta daɗe a ajiye. Ba sa taɓa neman babban kuɗi a karon farko. Kaɗan-kaɗan suke ja, har ka kai inda kake jin idan ka tsaya ka yi asarar na baya. Kuma kullum gargaɗinsu ɗaya ne: kada ka gaya wa kowa, don kada abin ya lalace.

Wani aminina, ɗan kasuwar hatsi, ya riga ya biya na fom da kafin alƙalami kafin ya roƙe ni in raka shi ganin motar. An ce mu haɗu da ɗan aiken a teburin mai shayi, nesa kaɗan da ƙofar bariki. Yaro ne fes, da fayil a hammata. Ya ce yau ba za a shiga ba, ana faretin manya, amma ga ƙarin hotuna. Na karɓi wayar na buɗe hoton sosai. Magirus ce irin tawa, sai dai ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba.

Na ce, "Samari, lafiyarta ƙalau kuwa? Ba ta zafi?"

Ya ce, "Haba Alhaji, wane zafi? Ko lagireto sabo dal aka sa mata kafin a ajiye ta."

Na dubi aminina, shi ma ya dube ni. Injin Deutz da ke cikin irin wannan mota da iska yake hucewa. Ba shi da lagireto, ba a zuba masa ruwa, fanka ce ke hura iska a kan silinda. Duk yaron garejin da ya taɓa wanke wa Magirus inji ya san wannan. Na ƙara jan hoton zuwa wajen bamba, sai ga lambar motar ta fara da harafin Y, ga ƙaramar tuta baƙi da ja da ruwan gwal a gefe. Lambar sojojin Jamus ke nan. Bayan motar kuma dogayen itatuwa ne irin na ƙasar sanyi, babu darbejiya ko ɗaya.

Na ce, "To ba ni lambar shasi."

Ya ce bari ya kira Oga, nan babu sabis. Ya tsallaka titi yana kara waya a kunne, ya tare mai babur. Shayin da ya sa a haɗa masa ma mu muka biya.

Abin da ya kamata ya fara tayar wa kowa da hankali shi ne asusun da ake cewa a tura kuɗi. Na aminina, sunan wata mace ne a jiki, aka ce masa akawun ofis ce. Tun 2015 kuɗin gwamnatin tarayya ke shiga asusun bai-ɗaya, TSA, ta hanyar Remita, a ba ka lambar biya ta RRR. Babu hukumar da za ta sayar maka da kadarar gwamnati ta ce ka zuba a asusun mutum ko ka kai wa mai POS. Ko lambar RRR aka ba ka, ka karanta sunan wanda kuɗin zai je wa kafin ka biya, domin ba gwamnati kaɗai ke karɓar kuɗi ta Remita ba. Sannan dokar sayen kaya da sayar da kadarorin gwamnati ta 2007 a fili ta ce a yi abin: a sanar, masu so su yi takara. Gwanjon da ake raɗa maka a kunne, a ce kai kaɗai aka zaɓa, ba gwanjo ba ne. Haka suke yi da sunan Kwastam ma, alhali tun 2017 hukumar ta mayar da gwanjonta intanet a shafinta, kuma ta sha fitowa tana cewa a yi hattara da masu tallar motoci da sunanta a kafafen sada zumunta.

Akwai kashi na biyu, waɗanda suka fi wayo. Su ba sa cewa motar tana bariki. Cewa suke za su shigo maka da ita daga Amurka ko Jamus, ka biya rabi yanzu, rabi idan ta sauka Apapa ko Tin Can. Abin da ke ba maganarsu ƙarfi shi ne akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A can ana sayar da rarar motocin soja ga farar hula. A Jamus kamfanin gwamnati mai suna VEBEG ke yi, a Amurka kuma ana gwanjonsu a GovPlanet, kuma daga irin waɗannan shafuka ake kwaso hotunan da ake nuna mana. Wadda suka fi tallatawa ita ce M35, mai ɗaukar tan biyu da rabi, mai taya goma, wadda injinta ke iya shan gas ko kananzir. Mota ce ta gaske, ni ma da zan samu ina so. Amma ka tambayi dillalin takardar shaidar mai amfani da kaya, wadda ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro ke bayarwa kafin a shigo da kayan da suka shafi soja. Idan ya tsaya yana kallonka, bai taɓa shigo da komai ba. Idan ya ce ta Kwatano za a biyo da ita, tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Idan kuma Bedford ko Leyland DAF ta sojojin Ingila ya nuna maka, duba gefen da sitiyari yake. Yawancinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma mota mai sitiyari a dama ba a yarda da ita a titinmu ba. Ko da ta iso, ado za ta zama a ƙofar gida.

Kashi na uku su ne suka fi ba ni tsoro, domin su akwai motar. Za ka taɓa ta, za a tayar maka, ka ji ƙara. Tsohuwar Marsandi 911 ce, ko kuma Steyr irin wadda aka riƙa haɗawa a Bauci, an watsa mata koren fenti, an ɗaura tamfol, an ce ta soja ce don a ninka kuɗi. A nan sai ka cire babbar riga ka shiga ƙarƙashi. Duba ko akwai farfelar da ke zuwa aksil ɗin gaba, in babu to ba ta jan gaba, duk abin da aka faɗa maka. Goge shasi da tsumma da ɗan gas ka karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ka gwada ta da wadda ke jikin farantin ƙofa da wadda ke cikin takardu. Idan wurin lambar ya fi sauran shasin santsi, an goge an sake bugawa. Idan ƙusoshin farantin suna sheƙi alhali motar ta girmi ɗanka na fari, an canza shi. Kankare fentin kaɗan a cikin ƙofa, asalin launin zai leƙo. Kada kuma ƙarancin kilomita ya ruɗe ka. Motar da ta shekara da shekaru a tsaye robobinta sun bushe, bututun burki ya tsattsage, tankin ya yi tsatsa. Tayar da ke da zane kamar sabuwa ma ka karanta shekararta a gefe: lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lambobi uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta.

Asarar kuɗi ma ita ce mai sauƙi a wannan kashin. Tun zamanin mulkin soja akwai dokar da ta hana farar hula yawo da mota mai launin soja, kuma tana nan ba a soke ta ba. Ka ɗauka ka fito da koriyar gingimari, takardunta na bogi, ka nufi hanyar Giwa ko Birnin Gwari a wannan yanayi na tsaro, aka tsayar da kai a shingen bincike. Me za ka ce? Wa ya sayar maka? Manjon da ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba? In kuwa ta tabbata motar ko wani ɓangarenta sato shi aka yi daga hannun hukuma, kai aka kama da kaya. Tawa tun ranar da ta fara motsi na mayar da ita shuɗiya, na sa aka rubuta sunan gona a ƙofa, kuma takardunta ba sa barin cikin mota.

Ni dai ra'ayina, wanda yake son irin wannan mota da gaske ya daina cinikin biri a sama. Akwai su a tsofaffin garejin kamfanonin hanya da hannun masu ɗaukar itace da yashi. Ka je da bakanikenka, ka ga mai ita ido da ido a gidansa ko shagonsa, ka ga tsofaffin takardun sabunta lamba na shekarun baya, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a kai ofishin lasisi a tabbatar da lambar kafin kuɗi su fita. Ka kuma fara zagaya Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi kayan gyaranta. Motar da ba a samun nozul ɗinta ko faifan kulocinta a waɗannan kasuwanni biyu, wahala ka saya ko da kyauta aka ba ka. Hoton da aka turo maka kuma, sa shi a Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya fito a intanet. Namu cikin ɗan lokaci ya fito a wani shafin Jamusanci, motar tuni an sayar da ita.

Waɗanda kuka riga kuka tura, na san kunya ce ta sa kuka yi shiru, musamman dattawa da ba sa so 'ya'yansu su ji. Shirun nan shi ke ba mutanen nan damar kama na gaba. Ku je bankinku yau, ba gobe ba, da shaidar turawar, ku nemi a sanar da bankin da kuɗin ya shiga don a tsayar da asusun. Ku kai ƙara wurin 'yan sanda, sannan EFCC na da ofis a Kaduna, kuma dokar damfara ta 2006 ta shafi irin wannan kai tsaye. Kada ku goge komai: saƙonnin murya, takardar bogin, lambobin waya, sunan da ke jikin asusun.

Ku kuma saurari kira na biyu. Bayan aminina ya daina tura kuɗi, wani ya kira shi ya ce shi jami'in bincike ne daga Abuja, an kama Manjon, an ƙwato kuɗin mutane, amma sai ya biya kuɗin buɗe fayil kafin a mayar masa da nasa. Lambar asusun da ya turo ta wannan matar ce dai. A makon nan kuma na ga tallar ta sake fitowa da sabuwar lambar waya, an ƙara da taraktoci da janareto.