Na'urar Star Trek ko ƙofar Stargate: wacce za ka yarda ka shiga?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: tsakanin na'urar Star Trek da ke ɓatar da mutum ta ɓullo da shi wani wuri, da ƙofar nan mai kama da zobe ta Stargate, wacce ta fi shiga hankali? To malam, duk biyun ƙaryar fim ce, sai dai wata ƙaryar ta fi wata tsari.

Ta Star Trek rashin kuɗi ne ya haife ta. Da aka fara shirin a 1966, nuna jirgin sararin samaniya yana sauka a sabuwar duniya kowane mako ya fi ƙarfin aljihun masu shi, sai suka ce a narkar da mutum kawai ya bayyana a ƙasa. A faɗarsu, tana karanta jikinka, ta wargaza shi zuwa ƙwayoyin zarra, ta cilla ka nisan da ya kai kilomita 40,000, ta sake haɗa ka. Wato a zuba gero a injin niƙa, a ce masa ya kwantar da hankalinsa, can gaba za a mayar da garin tsaba.

Kuma ɓarnarta ba ta ƙirguwa. Tun a shekarar farko ta raba Kyaftin Kirk gida biyu, ɗaya salihi ɗaya mugu. A 1993 aka gano ta taɓa mayar da Riker, mataimakin kyaftin, mutum biyu: ɗaya ya koma jirgi yana ta samun ƙarin girma, ɗayan ya yi shekara 8 shi kaɗai a wata duniya ba wanda ya san da shi. A 1996 ta cakuɗa Tuvok jami'in tsaro da Neelix mai dafa abincin jirgi suka zama mutum ɗaya, Tuvix, har Kyaftin Janeway ta raba shi da ƙarfin tsiya yana roƙon a bar masa ransa. Abin da ya fi ba ni dariya kuwa, ta mayar da Kyaftin Picard yaro ɗan shekara 12 da hankalinsa na dattijo, ta kuma ajiye injiniya Scotty a cikinta shekara 75 bai ƙara furfura ko ɗaya ba. Ga maganin tsufa a hannu, amma mako na zagayowa kowa ya manta. Da masana kimiyya suka ce ƙa'idar Heisenberg ta hana a san wurin da ƙwayar zarra take da gudunta daidai a lokaci guda, sai marubutan suka ƙirƙiro wani ƙarfe suka ce shi ke gyara matsalar. Aka tambayi Michael Okuda, mai ba shirin shawara kan fasaha, yadda yake aiki, ya ce yana aiki lafiya lau, ya gode.

Ita kuwa ƙofar Stargate, wadda shirinta na talabijin ya fara a 1997, tana da dokoki. Sai da ƙofa a can da ƙofa a nan. Sai ka danna alamomi 7. Mutum hanya ɗaya yake bi, rediyo ne kawai ke zuwa ya dawo, kuma bayan minti 38 ta rufe. Sojojin Amurka sun sa wa tasu murfin ƙarfe. Baƙon da ya taho ba izini, sai dai a ji dum, shi ke nan labarinsa ya ƙare.

Ita ma tana wargaza mutum, har ta taɓa riƙe Teal'c, ɗaya daga cikin jaruman shirin, a ciki, wata rana kuma wutar rana ta jefa jaruman baya zuwa shekarar 1969. Babban abin dariyarta yana bayan an fita: kusan kowace duniya dajin Kanada ce, inda aka ɗauki shirin, mutanenta kuma suna zuba Turanci ba tafinta.

In dole ce, ƙofar zan bi, don ita ba ta taɓa manna kowa da mai dafa abincin jirgi ba. Sharaɗina ɗaya: sai na ji ta rediyo an buɗe murfin kafin in sa ƙafa.