Wasiƙa zuwa Jos: abin da 'yarki ta koyo a makaranta

Yaya, assalamu alaikum. Ya mutanen Unguwar Rogo, ya ƙarfin jikin Inna? Kin ce in ba ki labarin yadda ake haihuwa a nan Ingila, tunda amaryar gidanmu ta kusa sauka. Allah ya raba lafiya.

Kwanan baya wasu ɗalibai masu koyon aikin ungozoma suka je ajin 'yarki da 'yar tsana da ƙashin ƙugu na roba. Suka nuna wa yara yadda jariri yake kwance a mahaifa, yadda yake samun abinci ta igiyar cibiya, da yadda yake juya kai ƙasa idan wata ya kama. Ta dawo tana faɗa mini wai dole mabiyiya ta fita duka, in ba haka ba jini na iya ɓallewa. Yarinya 'yar shekara 14! Ni sai da na yi haihuwar fari kafin in san haka. Makaranta ta aiko takarda tun kafin ranar, domin tun 2020 doka ta wajabta darasin lafiya da zamantakewa. Iyaye na iya cire ɗansu daga ɓangaren da ya shafi kwanciyar aure, amma ban da darasin kimiyya.

A nan ungozoma ce ke riƙe da mai ciki tun daga awon farko, likita sai an ga matsala. Shekara 3 take yi a jami'a, kuma sai ta karɓi haihuwa 40 kafin a ba ta lasisi. Hoton ciki sau 2 ne, wajen mako 12 da mako 20. Magani da gyaran haƙori kyauta ne har shekara guda bayan haihuwa, kuma ba mai miƙa miki jerin safar hannu da auduga da Dettol ki je kemis ki sayo. Sai dai kyautar nan daga haraji take fitowa, baƙi da yawa ma kuɗin lafiya suke biya tare da na biza.

Wajen jego kuwa mun fi su nesa ba kusa ba. In an haihu lafiya, washegari a sallame ki. Ungozoma za ta leƙo gida ta duba ki ta wuce, ba mai dafa miki ruwan wanka, ba mai dama kunu. Gero ma sai shagon 'yan Afirka, da ɗan karen tsada. Amma ki ce wa Inna ta sassauta kanwa a kunun amarya, likitocin Zariya sun daɗe suna gargaɗi a kan illarta ga zuciyar mai jego.

Na'urorinsu sun fi ƙarfinmu, amma darasin nan ba ya cin kuɗi. Ga ɗalibai a makarantar ungozoma ta Vom. Ki yi wa malamar Islamiyyarku magana ta gayyato su, a ware 'yan mata su kaɗai saboda kunya, a sanar da su kumburin fuska, da ciwon kai mai tsanani, da zubar jini, da doguwar naƙuda mai kai mata asibitin Jankwano gyaran yoyon fitsari. In malamar ta amince, zan aiko 'yar tsanar tare da kayan jariri.

A gaishe da kowa da kowa.
Ƙanwarki.