Kyasuwa ko gamba: wacce za a zuba a gonar da ta gaji?

Malam, ka ce kana da fili wajen eka biyu da ya daina ba da gero, kana so ka mayar da shi wurin ciyawar tumaki, kana tambayar ko kyasuwa za ka zuba ko gamba, da yadda za ka gane su tun suna toho. Idan abincin bana kake nema, kyasuwa. Idan filin naka ne na dindindin kuma za ka iya tsare shi daga dabbobi shekara guda, sa gamba a ciki.

Kyasuwa 'yar damina ɗaya ce. Ta tsiro da ruwan farko, ta yi kai wajen Satumba zuwa Oktoba, ta zubar da iri, ta mutu. Gamba kuwa tushenta ba ya mutuwa, saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, shi ya sa take yin toho tun ruwa bai zauna ba, har bayan gobarar daji.

Gane su bayan sun yi kai ba wuya. Kan kyasuwa guda ne, dogo kamar ƙaramar zangarniyar gero, santimita 5 zuwa 15, mai gashi laushi kamar auduga, ja-ja ne ko fari-fari. Tsayinta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi, kuma karanta yana rassa daga gaɓoɓi. Gamba takan haura mita biyu, kanta siriri ne, biyu-biyu a wage. Tun suna ƙanana kuwa, duba ganye: na gamba yana da farar jijiya a tsakiya, yana tsukewa ta wajen gindi har ya kusa zama jijiyar kaɗai. Ka kuma ja da hannu. Kyasuwa za ta tuge da saiwarta, tsohon tushen gamba ba zai biyo ka ba. Wadda ake ruɗewa da ita ainun ita ce ƙarangiya, domin dangin kyasuwa ce kuma tohonsu ya yi kama. Saboda haka kada ka share iri daga ƙasa, ka tsinko shi daga kai da kaka, in ya bushe ya fara kakkaɓewa da kansa.

Wajen shuka ne mutane suke asara. Irin duka biyun gashi gare shi, ba nauyi, iska tana kwashe shi, yana kuma dunƙulewa a hannu. A cuɗa shi da yashi mai ɗan danshi kafin a watsa. A kafce ƙasa sama-sama, a watsa bayan ruwa ya zauna, a ja reshen ƙaya a kai ya ɗan rufe. Zurfin kada ya wuce santimita ɗaya. Irin da aka binne kamar masara ba ya fitowa. Na kyasuwa kilo 2 zuwa 3 ya isa hekta guda, wato wajen eka biyu da rabi. Sabon iri da aka tsinka ba ya tsira da kyau nan take, sai ya kwana 'yan watanni, don haka na kakar bara ake shukawa bana. Idan wurin fako ne, ruwa zai wanke irin, sai an haƙa ramuka masu siffar rabin farin wata a zuba a ciki, yadda ake yi a Nijar wajen farfaɗo da ƙasar da ta mutu.

Irin gamba yawancinsa ƙaiƙayi ne, ba shi da tabbas. Ni dai na fi ganin a dasa ta: a haƙo tsohon tushe da marka, a rarraba shi da saiwarsa, a rage ganyen, a dasa da tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya. Shekarar farko jinkiri gare ta, kuma tumaki suna tuge sabon dashe, sai an killace.

Batun yanka, kyasuwa ta fi ganye mai laushi, tumaki da awaki sun fi cin ta, ingiricinta kuma ya fi kyau. A sa mata lauje lokacin da kai ya fara leƙowa, a bar kamar santimita 10 a ƙasa. In da sauran ruwa za ta sake tohowa a yi yanka na biyu. In aka jira ta bushe a tsaye, ganyen ya zube, kara za ka ɗaure. A shanya kwana biyu ko uku ana juyawa, a ɗaura dami, a ɗora a kan rumfa, kada a jibge a ƙasa saboda gara da danshi. Dole kuma a bar wani yanki ba a yanka ba ya zubar da iri, in ba haka ba baɗi filin zai koma na wasu ciyayi.

Gamba in ta tsufa karanta ya yi tauri, sai dai zana da rumbu, wanda shi ma kuɗi ne. Don dabbobi, a yanke ta tana ganye, a bar santimita 15 zuwa 20.

A eka biyun nan, dasa gamba layi-layi a kan iyaka da inda ruwa yake zaizayar ƙasa, ka watsa kyasuwa a tsakiya har ƙarƙashin bishiyoyi, tunda tana jure inuwa. Ɗan takin tumakin da ka tara ka watsa shi kafin shuka, domin ƙasar da gero ya tsotse ba za ta ba da ciyawa mai tsayi haka kawai ba.