Kantar salak a Nasarawa da kwaɗon Iya

Tun ranar da likita ya duba takardar gwajina ya ce sukarin jinina kafin karin kumallo ya haura 7, wato ya yi yawa, cin abincin rana ya zame min aiki. Da can ba ruwana. Ana idar da azahar sai in aiki yaron shago ya kawo min garau-garau ko gurasa bandashe, in kora da lemon kwalba mai sanyi. Yanzu an ce in rage shinkafa da fulawa, rabin farantina ya zama ganye. A baki abin ba wuya. Ni kuwa daga takwas na safe har magariba ina shagonmu na ɗab'i a Titin Gidan Zoo a Kano, gidana kuma can Rijiyar Zaki, ba halin komawa cin abinci. Uwargida ta yi mako biyu tana haɗo min a kula, amma latas ɗin da aka yanka da asuba, kafin ƙarfe biyu ya yi laushi ya kwanta kamar an turara shi.

Sai na shiga yawon nema. Na fara da ɗaya daga cikin manyan gidajen abincin nan masu gilashi, inda ake jera soyayyar shinkafa da kaji a ƙarƙashin fitila. Na ce a ba ni salak. Yarinyar ta miƙo wata 'yar roba, kabeji da karas an gurza, an tumbuɗa musu bama har ba ka ganin launinsu, ga masarar gwangwani, ga waken gwangwani, ga taliya 'yar murji a ƙasa. Cokali ɗaya na kai baki na ji zaƙi kamar alawa. Bama dai mai ne da ƙwai, babban cokali guda ya kusa kalori 100, kuma ido ba mudu ba ya san kima, abin da ke robar nan ya fi cokali uku. Romon waken gwangwani shi ma da sukarinsa a ciki. Na ce mata, "Babu wanda ba a zuba wa bama ba?" Ta ce haka yake fitowa daga kicin. An gudu ba a tsira ba ke nan. Na gwada wurare biyu irinsa, duk kanwar ja ce.

Wani Alhaji da muke buga wa katin biki ne ya kwatanta min wani ɗan shago a unguwar Nasarawa, wanda ya fi suna wajen markaɗa 'ya'yan itatuwa. A lungun dama suke da kanta mai sanyi, an jera ƙananan tasoshin silba kusan goma sha biyu, kowanne da murfinsa da abin ɗibansa. Latas daban, kabeji daban, karas, kokwamba, tumatir, koren tattasai, koren wake da aka ɗan turara, albasa, dafaffen ƙwai, farin wake da aka dafa a nan wurin, sai tsokar kaza gasasshiya da aka yayyanka. Kai za ka riƙa nunawa ta bayan gilashi, saurayin yana zuba maka sanye da safar hannu. Abin da ya saye ni shi ne ba sa zuba komai a kai sai ka ce. Mahaɗin yana gefe a 'yan ƙananan robobi: akwai bama ga mai so, akwai yogot marar sukari, akwai man zaitun da ruwan lemon tsami. Na ƙarshen nake karɓa. Ranar farko da na ciza latas ɗin ya yi ƙaras a bakina, sai da na tsaya na dubi farantin.

Ni mutum ne mai bin diddigi, na tambayi saurayin daga ina kayan suke zuwa. Ya ce, "Yallaɓai, kabeji da koren wake na Jos ne, sauran kuma kullum da sassafe ake sayo su a 'Yan Kaba." Da dalili na yi tambayar. Duk ɗan Kano ya san lambunan da ke bakin Jakara, ya kuma san irin ruwan da ake ban ruwa da shi a can, latas kuwa ɗanye ake cinsa, wuta ba ta taɓa shi. Da ya ga ban gamsu ba sai ya ɗaga labule ya nuna min bahuna uku a jere: na farko na cire ƙasa, na biyu mai ruwan khal, na uku na ɗauraya. Ganye ɗaiɗai suke ɓare latas ɗin kafin su tsoma. Wata biyu ke nan ina ci, cikina bai taɓa juyawa ba, alhamdu lillahi.

Amma ba za a ce ba su da laifi ba. Na farko tsada. Faranti ɗaya da kaza ya kai kuɗin garau-garau na mutum uku, ga kuɗin Adaidaita Sahu zuwa da dawowa. Kazar kuma suna cika mata gishiri da magi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali guda. Sai na koma ƙwai da wake. In ka wuce ƙarfe uku, tumatir ya saki ruwa, karas ya bushe a sama. Wata Talata cikin zafin Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, na tarar an ɗauke wuta, injinsu kuma ya ƙi tashi. Na dafa gilashin kantar na ji shi da ɗumi, kokwambar ta fara yauƙi. Kayan da aka yanka irin wannan ƙasa da digiri 5 ake son su zauna. Na yi magana, matar da ke kula da wurin ta fito ta ba ni haƙuri, a gabana ta sa aka kwashe tasoshin. Na yaba mata, sai dai da ban yi magana ba, wa ya san wanda za a zuba wa? Tun daga ranar nan, kafin in nuna komai sai na fara dafa gilashin.

A ranar ne, ina dawowa da yunwata, na tsaya wajen wata dattijuwa da ke zama kusa da masallacin layinmu da ƙwaryarta rufe da faifai. Shekaru ina wuce ta. Kwaɗon zogale take yi, wani lokaci da rama: dafaffen ganye an matse ruwansa, garin ƙuliƙuli, tumatir, albasa, yaji. Zogalen ya sha wuta, ke nan rabin fargabar da nake yi wa latas ta tafi. Kuɗinsa kuwa ko kwatan na Nasarawa bai kai ba, kuma yana riƙe ni har la'asar sakaliya. Matsalar ɗaya ce, hannunta yana da nauyi wajen mai, kuma tana ɗan barbaɗa sukari don 'yan makaranta. Na ce, "Iya, nawa kar a sa sukari, mai kuma cokali ɗaya." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kwaɗo ba mai ai magani ne." Na ce mata ai maganin na zo saya. Ta yi dariya har da tafa hannu.

Yanzu Litinin da Alhamis nake zuwa Nasarawa, kafin ƙarfe ɗaya, lokacin tasoshin na cike. Sauran ranakun Iya ce. Na saya mata cokalin juyawa don ta huta da hannu, kuma da zarar ta hango ni na fito daga masallaci sai ta ware nawa a gefe kafin ta ɗauko kwalbar mai.