Maɗaba'ar Niyu Tawun: aikinta na da kyau, amma 'yan takara ne a gaban layi

A watan Nuwamba na 2024 kwamitin makarantarmu ta Islamiyya da ke Nima ya aike ni wata maɗaba'a a Niyu Tawun, unguwar da duk mai neman bugu a Akra ya sani, domin a buga mana riguna 120 na walimar saukar karatu. Ba ni da ƙorafi kan ingancin aikin, domin yadin yana da kauri, rubutun Larabcin ya fito da wasullansa daidai, kuma har yau launin bai koɗe ba duk da yawan wanki.

Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda alkawarin kwana biyar ya koma mako uku, har muka ɗage walimar. Duk zuwan da na yi sai in tarar injinan ba su da aiki sai fastoci da rigunan 'yan takara, saboda zaɓen 7 ga Disamba ya ƙarato. Da na matsa, sai mai wurin ya ce mini: "Malam, ka yi haƙuri, wanda ya zo da kuɗi a jaka ya biya riguna dubu biyar nan take, ba na iya ce masa ya jira." Ya ƙara da cewa sau da yawa ba ɗan takarar ne ke biya ba, wani ɗan kwangila ne, kuma ba ya son a rubuta sunansa a rasit.

Wannan maganar ta fi jinkirin damuna. Dokar jam'iyyun siyasa ta Gana ta shekarar 2000 ta haramta wa wanda ba ɗan Gana ba ba da gudummawa, ta kuma wajabta wa jam'iyyu miƙa wa hukumar zaɓe lissafin kuɗinsu duk shekara, amma ba ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe ba. Binciken cibiyar bunƙasa dimokuraɗiyya ta Gana (CDD) da gidauniyar Westminster ta Birtaniya ya nuna cewa kuɗin neman kujerar majalisa ya ƙaru da kashi 59 cikin 100 tsakanin 2012 da 2016. Ɗan kwangilar da ya biya rigunan nan ba sadaka ya yi ba, zai nemi kuɗinsa a kwangilar kwata ko titin unguwanninmu.

Zan sake kai musu aiki, domin sun iya, kuma mai wurin ya rage mana wani abu a kuɗin saboda jinkirin. Sai dai a shekarar zaɓe zan kai tun saura wata biyu, in kuma nemi a rubuta ranar karɓa a rasit.